Ingiricin Orval

Shekara uku Verna ta yi tana faɗa da ciyawar da suke kira macuciya. Tun da gobara ta cinye rabin dajin itatuwan pinyon da kakanninta 'yan ƙabilar Shoshoni ke tsintar ƙwayarsu a ciki, ciyawar ta mamaye tokar. Tana rigan kowa tsirowa, ta shanye laimar ƙasa, ta bushe da wuri tana jiran wata wutar. Verna da matan danginta suka durƙusa suna tuge ta da hannu, suna shuka irin ciyawar gida a gurbinta, har gwiwoyinta suka yi kanta.

Da kaka ta zo, ta ɗauki kwandonta ta hau tudun da dajin yake. Me za ta gani? Dawakai huɗu ɗaure a tsakiyar filin da ta gyara, an barbaza masu ingirici. Ta ɗebi kaɗan ta murza. Tafinta ya cika da irin macuciya mai tsini.

"Orval!"

Ƙanenta ya leƙo daga bayan a-kori-kurarsa yana tauna ƙwayar pinyon. "Yaya, lafiya kike kira kamar an yi mutuwa?"

"Ina ka samo wannan?"

"Wajen wani manomi a can cikin kwari. Ciyawa ai ciyawa ce."

Ta watsa masa a ƙirji. "Buɗe idonka, shashasha! Shekara hamsin da biyar a duniya, ba ka san abin da ya ƙone dajin Inna ba? Ina nan ina rarrafe kamar akuya, kai kuma ka ɗauko min shi a mota!"

"To dami biyu ne kawai..."

"Kawai? Kwance dabbobinka kafin in kwance maka haƙora."

Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskarta, ya fasa. Yinin nan babu wanda ya tsinci ƙwaya. Ta miƙa masa manjagara, ta tsaya a kansa, ya tattara ingiricin cikin buhuna, har kashin dawakan sai da ta sa ya kwashe. Ya ce bayansa na ciwo, ta ce ya yi ta yi.

Duk da haka, da sanyi ya wuce, dusar ƙanƙara ta narke, macuciya ta fito kore shar daidai inda dawakan suka tsaya. Verna ta zauna a ƙasa, ranta na tafasa.

Washegari da ta iso, ta tarar da Orval a durƙushe yana tuga. Bai ɗago ba.

"Yaya, haka ake yi?"

Ta duba tulin da ke gefensa. Rabinsa ciyawar gida ce, wadda ta shuka da hannunta.

"Wayyo ni Verna!" Ta fizge shi ta kwalar riga. "Matsa can ka riƙe buhu. Kada ka ƙara taɓa komai mai saiwa."

Ya riƙe buhun har azahar, tana tuga tana mita.