Jirgin da Babu Direba

Tun da hasken idon Malam Jumare ya fara dusashewa ya ajiye tuƙi, bayan ya tsufa a bayan sitiyari yana jigilar mutane a Madina. Yanzu ko masallacin Ƙuba, da ke nan kusa da gidansa a unguwar Ƙurban, sai an riƙe masa hannu. Abin na ci masa rai ƙwarai, ga shi mutum ne da bai iya roƙo ba.

Ɗansa Zakiru, mai gyaran lantarki a Riyad, ya zo ne takanas don ya tafi da shi. Bayan la'asar suna shan shayi ya fara lallashi, da Hausarsa mai ɗingishi irin ta haihuwar Madina, yana kiransa Abuya, wato Baba da Larabci.

"Abuya, a Riyad akwai metro, jirgin ƙasa na cikin gari. Ka shiga da sandarka, murya ta faɗa maka kowace tasha. Khalas, shi ke nan, ba ka neman kowa."

"Kamar na Masar?" in ji tsohon. Ya taɓa shiga na Alƙahira, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya.

Zakiru ya yi dariya. Ya ce na Masar tsoho ne, jama'a sun yi masa yawa. Na Legas, da ya hau da ya je ganin dangi, yana da kyau, sai dai bai kai ko'ina ba tukuna. Na Dubai tsaf yake kamar asibiti. Na Riyad kuwa ko direba ba shi da shi.

"Babu direba? To wa ake yi wa sannu da aiki?"

Tsokana ce kawai, shi ma ya sani. Ba jirgin yake tsoro ba. Ya raka abokansa da yawa maƙabartar Baƙi'a, kuma kullum idan ya juyo yana roƙon Allah ya sa nan ne makwancinsa. Wanda ya bar Madina da tsufa, wa ya san inda ajali zai riske shi? Amma zaman ɗakin nan ma ya ishe shi, yana jin kiran salla yana jiran mai ja masa gora.

Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Daga Riyad zuwa nan, akwai jirgin?"

"Babu, Abuya. Sai mota ko jirgin sama."

"To, zan bi ka, in ga wannan abin mamaki. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da ka ga jikina ya ƙi, kada ka tsaya jiran likita. Ka kwantar da ni a kujerar baya da sauran numfashina, ka kamo hanyar Madina. Kuma kai za ka tuƙa."

Zakiru ya buɗe baki zai ba da amsa da Larabci, kamar yadda ya saba. Sai ya haɗiye, ya ce, "To, Baba."