Furfurar Halidu

"Tashi daga kujerar nan!" Barmo ya fizgo kansa daga baƙin ƙyallen da ke bayan akwatin hoto, yana huci.

Ɗansa Halidu ya yi rabin tashi, ya koma. Ranar kasuwar Madawa ce, mutane sun yi layi kowa na son hoton katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa. In babu katin nan Halidu ba ya ƙetare iyaka zuwa Abijan bidar aiki, abokan tafiyarsa kuwa ba za su jira wata kasuwa ba. Tun daga Galma uban ke laluben dalilin hana tafiyar. Ya ce jaki na ɗingishi, ya ce ranar ba ta da sa'a. Da suka iso ya nace sai ya leƙa akwatin, ya kuwa samu abin da yake nema.

"Mi ka gani, Baba?" in ji Alƙasim mai hoto.

"Ka kife mini ɗa! Kai ƙasa, ƙafafu bisa. Haka za ka tura shi ƙasar mutane?"

"Akwatin ga duhu ne da kafa guda. Hasken hula tai ya shiga ta kafar ya faɗi ƙasa, na ƙafa tai ya hau bisa. Tun ba a san takarda mai kama hoto ba, masu zane ke shiga ɗaki mai duhu suna bin siffar da alƙalami. Ko sufurefe mai mulkin garin ga ya zauna nan, wallahi kife shi nikai."

Layi ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Tsoho, in ba ku yi, ku ba mu wuri!"

Barmo ya tafi bakin rumfa, ya dawo, ya sake tafiya. Abin haushin shi ne ya san gaskiya ce. Yana yaro an taɓa zura shi cikin rumbun ƙasa ya share, aka ja murfi don wasa. Ta wata hudar da gara ta ci haske ya shigo, ya ga raƙuman Buzaye suna tafiya a jikin bango, ƙafafu sama. Da ya fito, raƙuman suna tsaye lafiya lau a bakin rijiya.

"Baba," Halidu ya ce a hankali, "rumbun namu wofi ne bana."

Barmo ya juya baya, shi ke nan izinin.

Alƙasim ya cire murfin gilashi, ya mayar, ya cusa hannu cikin akwati yana motsa takarda a ruwan magani. Ya fito da ita tana ɗiga. Ta farko ce, wadda baƙi ke zama fari. Sai an sake ɗaukarta sannan hoton kirki ya fito.

Barmo ya leƙa ta kafaɗarsa. Ga Halidu, gira fara fat, ɗan gemun nan da bai gama tsirowa ba duk furfura. Ya daɗe yana kallo. Ya san nasa shekarun, da wuya ya kai ganin wannan furfura ido da ido.

Da aka gama, Alƙasim ya miƙa wa Halidu hotunansa, ya nufi kwando da ta farkon.

"Kada ka yar," Barmo ya ce.

"Ba ta da amfani, Baba."

Barmo ya karɓa, ya hura mata iska har ta bushe, ya cire hula ya sa ta ciki.

"Wuce mu tai komisariya 'yan sanda su yi maka katin," ya ce wa ɗansa, "kafin su tashi."