Inna Tana Bodinga

Salamatu ta yi haihuwar fari a gidan mijinta a Lambara cikin damina, ɗa namiji, aka sa masa Haliru. Bisa al'ada gidan iyayenta na Shagari za ta koma wanka, amma mahaifiyarta, Inna Hajo, ta tare a Bodinga tana jinyar babbar 'yarta Rahamatu, wadda ciwon daji ya kama a nono. Uwar miji ce ta riƙa dafa wa Salamatu ruwa. Ranar suna Inna ta zo, ta yi wa jariri addu'a, kafin la'asar ta hau mota ta koma.

Salamatu ta san yayarta ba ta da lafiya. Amma duk lokacin da ta kira waya, sai ta jiyo Rahamatu tana dariya, Inna na tambayarta abin da take son ci. Har kajin da Inna ta yi kiwo don jegon Salamatu, Bodinga aka kai su. Tun suna yara haka abin yake, in ji zuciyarta: Rahamatu ake fara yi wa kitso, ita aka bari ta gama sakandare.

Da ta yi arba'in ta goya Haliru, yana fama da mura, ta nufi Bodinga ba tare da ta sanar ba. Tana yin sallama yaron ya yi tari. Inna ta fito daga ɗaki da sauri, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maraba, Salame. Tsaya nan tukuna, kar ki shigo da shi."

"Don mi, Inna? Jikanki ne."

"Na sani. Maganin da aka ƙara ma yayarki a Sakkwato yana da ƙarfi ƙwarai. Likita ya ce yana kashe cutar, amma yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, su ne masu faɗa da cuta a jikin mutum. Da anka auna nata, saura kaɗan. Murar da ɗanki zai warke cikin mako, ita tana iya kai ta gadon asibiti. Ko ganyen da ba a dafa ba an hana ta."

Salamatu ta tsaya tana kallon butar da aka ware, da kwanon da aka rufe da farin ƙyalle, da sabon gidan sauro da ake hangowa ta taga.

"Ni da na kwana biyu ina naƙuda, wa ya ware mini kwano?" ta ce. "Ko lafiyarta lau, nan za ki zauna, Inna. Ciwon dai ya ba ki hujja."

Sai labule ya motsa, Rahamatu ta leƙo daga can ciki, ta rufe hanci da baki da takunkumi. Ɗankwalinta ya zame, babu gashi ko ɗaya a kanta, hannunta ya zama kamar kara. Salamatu ba ta gan ta ba tun kafin azumi.

"Kwance shi in gani, Salame," in ji Rahamatu. "Daga nan ma ya isa."

Salamatu ta sauke goyon, ta ɗaga yaron. Rahamatu, wadda ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, ta zuba masa ido.

"Ya yi ƙiba," ta ce daga baya. "Ke kam kin samu." Ta saki labulen.

Aka shimfiɗa wa Salamatu tabarma a gindin darbejiya, nesa da ɗakin. Inna ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauki Haliru ta yi masa wasa, ta sake wankewa har gwiwar hannu kafin ta koma ciki. Salamatu ta ji kunyar abin da ta faɗa, amma duk da haka idonta na kan ƙofar, tana jin zafin daɗewar Inna a ciki.

Da la'asar Inna ta ɗauki mayafi za ta raka ta tasha. Sun kai zaure Rahamatu ta kira daga ɗaki, muryar a shaƙe. Inna ta dubi Salamatu.

"Tahi, Inna," in ji ta. "Na san hanya."

Ta gyara goyo, ta fita titi ta tsaya jiran motar Lambara.