Jirgin da Ke Karkata a Kan Kusfa

"Baffa, wannan kam ba zan rubuta ba."

A durƙushe nake a zaure lokacin da na faɗi haka, takarda da biro a gabana. Baffa Mika'ilu wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu, shi ya sa ni boko lokacin da rabin unguwarmu ta Kusfa ke yi masa dariya. Ya zare tabarau ya dube ni.

"Ma'u, maimaita. Kunnena ya fara nauyi."

Na maimaita.

Damina ce ta 1975, ban daɗe da gama sakandare ba. Ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi sukan ratso ta saman birni da hantsi, kuma da sun iso kan unguwarmu sai su karkata, fiffike ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Dattawan masallaci suka zauna suka yanke cewa leƙe ne. Baffa kuwa ya bugi ƙirji a gabansu ya ce ba sai an je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba, yana da 'ya mai Turanci a gida. Ni zan rubuta ƙara cewa matuƙa suna kwantar da jirgi da gangan don kallon matan aure a tsakar gida.

"Magini ma in zai hau soro sai ya yi shela mata su shige ɗaki," in ji Baffa. "Shi wannan, wa ya taɓa jin sallamarsa?"

"Baffa, ba leƙe ba ne, kwana yake sha. An kai mu makarantar muna aji huɗu, na taɓa fiffiken da hannuna. Iskar da ke bin fiffike ita ke ɗaga jirgi sama. In yana son juyawa, dole ya karkata, don ƙarfin da ke ɗaga shi ya ja shi gefe. In bai karkata ba, sai ya yi ta miƙewa har Kano."

"Allah ya raka taki gona," ya fara, sai ya fasa ya ce, "To ya miƙe mana! Wa ya riƙe shi?"

"In ka yarda, sai in rubuta cewa ƙararsu tana firgita awaki. Wannan gaskiya ne. Amma ba zan yi wa mutane ƙazafi da hannuna ba, a karanta a ofis a yi ta yi wa Zazzagawa dariya."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma bakina bai iya tsayawa ba.

"Kai ma, Baffa, in za ka sha kwanar masallaci a kan keke, ai kwantawa kake yi. Wa kake leƙe?"

Baffa ya ɗaga buzun da yake zaune a kai, ya zaro fom ɗina na makarantar share fagen shiga jami'a a Samaru, wanda na ba shi tun shekaranjiya ya sa hannu. Ya nuna mini, ya mayar, ya zauna a kai.

"Ranar da kika rubuta tawa, in sa hannu a naki."

Ƙarshen Agusta za a rufe karɓa. Saura mako shida.

Ban fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya. Kullum da safe in durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Sallama kam yana amsawa, don wajibi ce. Amma da na ce "Ina kwana, Baffa," sai ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, "Iya, ki gaya wa Baturiyarki mun kwana lafiya."

Iya ta ce, "Baturiya, an ce an kwana lafiya. Ke kuma me zan ce masa?"

"Ki ce jirgi yana gaishe shi."

"Wannan ki kai da kanki, ni ban gaji da duniya ba."

Labari ya zaga unguwa. Da an ji ƙugin jirgi, mata su yar da muciya su ruga ɗaki. Ni kuwa in ci gaba da wankina a tsakar gida, wani lokaci har in ɗaga masa faifai. Delu maƙwabciyarmu, mai kiwon agwagi, ta raɗa mini suna Ma'u Jirgi. Gidajen da nake karanta wa wasiƙa suka daina aikowa. Na je biki a Ƙofar Galadima, wata tsohuwa ta tambaye ni ko gaskiya ne matuƙin ya jefo mini zobe. Na ce a'a, agogo ne.

Dariya nake yi a waje, amma kullum ina duba kalandar da ke bangon ɗakina.

Saura kwana uku, Iya ta kira ni tana tsinke zogale.

"Ke 'yar nan, wautarki ta fi iliminki. Yana jin Turanci ne? Ki rubuta zancen awakinki, ki ce masa zancen leƙe ne. Ya sa hannu, ki wuce."

Wallahi na so. Amma mutumin da ya sha dariyar unguwa don in iya rubutu, shi zan cuta da rubutun?

"Iya, ban yi wa baƙi ƙarya ba, sai in yi wa Baffa?"

"Kai ɗaya gare ku, ke da shi. Dutse."

Agusta ta ƙare. Ranar na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na wanke fuska, na ɗora tuwo.

Abin da ban sani ba, maganar keken nan ta tsaya wa Baffa a rai. Ashe kullum yana fita bayan ganuwa shi kaɗai yana gwada shan kwana a miƙe a hankali, har ya ga kamar ya iya. Wata Laraba bayan la'asar ina dawowa daga ɗebo wa Iya magani, na tarar da dattawa a tsaye ƙofar masallaci, Baffa a kan kekensa da farar riga.

"Ku zama shaida," in ji shi. "Zan sha kwanar nan a miƙe kamar tabarya. In keke ya iya, jirgi ma ya iya."

Malam Zailani wanzami ya ce, "Malam Mika'ilu, a hankali dai."

"A hankali ai ba hujja ba ce. Jirgi da gudu yake zuwa."

Ya ja baya, ya tako da ƙarfi, wuya a sandare, ya murɗa kan keke. Keken ya ƙi kwanar, shi ma ya ƙi kwantawa. Suka miƙe tare, suka keta dangar Delu, suka sauka cikin kwatamin agwaginta. Agwagi suka tashi, Delu ta fito tana salati.

"Malam! Ko sallama babu?"

Dattawa suka yi ta tari a cikin hannun riga. Ni na juya ina kallon bango, ina danne dariya.

Da magariba ta kusa, ya aika a kira ni. Yana zaune, Iya tana gasa masa ƙauri da ruwan zafi.

"Ma'u."

Rabon da ya kira sunana wata biyu.

"Na'am, Baffa."

"Shi jirgin, in ya kwanta, ina matuƙin yake kallo?"

"Gabansa, da agogunan da ke gabansa. Ɗalibi ne, tsoro ma bai bar shi ya kalli ƙasa ba."

"Haka ne. Ni ma ban ga komai ba sai danga." Ya ɗaga buzu. "Miƙo biro."

Fom ɗin ya yi laushi, ya ɗauki ƙanshin turarensa. Ya sa hannu da ajami, a hankali. Washegari da kansa ya raka ni Samaru yana ɗingishi. Akawun ya duba kwanan wata, ya ba mu haƙuri, ya ce an rufe kwana goma da suka wuce, sai baɗi.

A mota, da muka shigo ta Ƙofar Kibo, Baffa ya ce, "Da kin rubuta, da yanzu kina ciki."

"Da na rubuta, Baffa, da har yanzu Delu tana da danga."

Ya yi dariya har ya riƙe ƙafarsa mai ciwo.

Ba a taɓa rubuta ƙarar nan ba. Mata suka daina gudu, sai Iya, wadda ta ce ita ba ta yarda da kowa ba. Ni kuma ƙawayena uku suka shiga Samaru a watan Oktoba, na zauna a Kusfa ina wanki ina kallon jirage suna shan kwana. Shekara guda cur ta karatuna, ita na biya.