Sunan Ɗan Fari

Nu'uman ya riƙo hannun mahaifiyarsa, Inna Habibatu, suna hawa matakalar ofishin fansho a hankali, tana hutawa a kowane hawa. Tun da aka rufe kamfanin da yake yi wa aiki a bara yake zarya a wannan bene. Dokar fansho ta shekarar 2014 ta ba wanda ya rasa aiki damar karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na ajiyarsa, muddin ya yi wata huɗu bai sami wani ba. Nu'uman ya ninka wannan wa'adi. Ya riga ya shuka masara a gonar gado da ke Inkil, ta fito, ta fara yin rawaya saboda rashin taki, kuma da wannan kuɗi kaɗai yake sa ran sayensa.

Abin da ya tsayar da biyan shi ne suna. A 1984, da aka sa shi firamare, hedimasta ya bi al'adar da makarantun Arewa suka gada tun zamanin Turawa, ta laƙaba wa yaro sunan garinsu, ya rubuta Nu'uman Inkil. Da shi ya yi jarrabawa, da shi ya kama aiki. Katin ɗan ƙasa kuwa sunan mahaifinsa ya ɗauka, Nu'uman Abdulbaƙi. An tura shi kotu ya yi rantsuwa, an tura shi ya buga sanarwa a jarida. Daga bisani hedikwata ta ce sai wani babba daga cikin danginsa ya zo an ɗauki muryarsa yana tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Babban da ya rage masa Inna ce.

Ma'aikaciyar, Liatu, ta saba da fuskarsa. Ta miƙe ta jawo wa tsohuwar kujera.

"Sannu da zuwa, Mama. Ba za mu daɗe ba." Ta juyo da na'urar ɗaukar murya. "Ki faɗi sunan ɗanki kawai."

"Ɗanlarai," in ji Inna.

Liatu ta dubi Nu'uman. "Malam, biyu sun hana mu barci, ka zo mana da na uku?"

"Ran Laraba aka haife ni," ya ce. "Ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba."

Liatu ta ajiye biro. Ta san wannan kunya, don cikin maƙwabta masu yin ta ta taso a unguwar Wunti, ta ga iyaye mata da sukan kau da kai in ɗan fari ya shigo ɗaki.

"Mama, in na faɗa, ki maimaita?"

"Ke dai ki faɗa, 'yata, ni in ce haka ne."

"Na so a ce ya isa. Waɗanda za su saurara suna Abuja, ba su san ki ba. Daga bakinki suke so."

Inna ta gyara mayafinta, ta zuba wa ƙasa ido. "Ranar suna ma a bayan ɗaki na ji shi. Uban yaron nan har ya koma ga Allah bai nemi wannan a wurina ba."

Nu'uman ya ji nauyin abin da ya jawo ta ta yi. Ya tattara takardunsa.

"Inna, tashi mu tafi. Allah ya hore ta wata hanya."

"Zauna," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Jiya na zaga gonar. Na ga ganyen."

Ta juya wa ɗan nata ƙeya, ta fuskanci na'urar. Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Nu'uman ne. Ɗan Abdulbaƙi, na Inkil. Ni na haife shi."

Nu'uman ya sunkuyar da kai. Bai taɓa sanin cewa haka take furta shi ba, tana ɗan jan ƙarshensa kamar yadda mahaifinsa yake yi.

Liatu ta danna, ta sake dannawa. Fuskarta ta sauya.

"Ku yi haƙuri. Sabis ya ɗauke, bai shiga ba. Mai gyara kuma sai Litinin."

"Ba zan sake kawo ta ba," in ji Nu'uman a natse. "Ki rubuta cewa kin ji da kunnenki."

"Zan rubuta, Malam. Amma na san su, za su dawo da shi."

Suka sauko kamar yadda suka hau. Suka shiga Keke Napep, suka bar cunkoson Wunti. Hadari ya haɗo ta gabas, bisa duwatsu, iska mai ƙamshin ruwa tana kaɗa labulen keken. Inna ta daɗe tana kallon hadarin.

"Masarar nan ba ta san Abuja ba," ta ce. "Ran Litinin ka zo da wuri, Ɗanlarai, kafin abin nasu ya sake ɗaukewa."