Saifar Saniyar Sanda

Karo na uku ke nan da Jagaba, karen Barmo, ya yi amai. Barmo ya tsuguna ya tona aman da tsinke. Baƙin jini ne, da gutsattsarin saifar da aka jefa wa karen da hantsi.

Saifar ta saniyar yayansa Sanda ce. Da safe ta faɗi a bakin rijiya tana karkarwa, aka yi maza aka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, aka raba naman gida-gida kamar yadda aka saba. Babu wanda ya tambayi abin da ya kayar da ita. Kason Barmo yana kan murhu yanzu, matarsa Biba tana fifita wuta, 'ya'yansa mata biyu suna zaune da akushi a gabansu.

"Biba, kar ki zuba ma kowa tukuna."

Sanda, wanda ya biyo ƙanshi ya shigo, ya yi dariya. "Kai Barmo! Yau ka fara ganin kare na amai? Haɗama ta yi mishi yawa. Shi ci ciyawa, shi warke."

"Yaya, aman haɗama sau guda ne, kare shi miƙe shi koma wasa. Wanga tun hantsi shike yi, da jini. Ko ruwa bai riƙe ba. Kai ka fiɗe saniyar. Yaya ka iske saifar?"

Sanda ya kau da kai. "Saifa dai saifa ce."

"Ta kumbura. Baƙa ƙirin. Na gani."

"To mi kake so?"

"Likitan bisashe shina garin Azarori yau, yana ma shanu allura. In kai mishi karen shi duba."

Fuskar Sanda ta canza. Ya matso, ya rage murya. "Ka san abin da za shi yi? Shi ce ciwon saifa ne, shi ƙone naman, gardawan gwamnati su zo su hana garkenmu rijiya. Cikin wanga rani! Saboda kare? Kakanninmu sun ci irin naman ga, ga mu da rai."

"Waɗanda sunka ci sunka mutu ba su nan, balle su ba da shaida."

Jagaba ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa na baya suka ƙi. Ƙaramar yarinyar ta fara kukan yunwa. Biba ta tsaya da ludayi a hannu, tana duban mijinta, tana duban wansa.

Barmo ya karɓi ludayin. Ya tsamo tsoka mai maiƙo, ya sa a akushi, ya durƙusa ya ajiye a gaban Sanda.

"Babba ka fara ci. Bismilla, Yaya."

Tururi yana tashi. Sanda ya dubi naman, ya daɗe. Hannayensa suna cikin riga, ba su fito ba.

Barmo ya sauke tukunyar, ya kifa mata turmi, ya tafi kwanto jaki. Yana ɗaure karen a kan mangala ya ji muryar Sanda daga bayan darni, yana ƙwala wa matarsa kira ta sauke nata girkin.