Sandar Alƙasim a Tsakiyar Fili

Ni aji biyu kaɗai na yi a lakwal, makarantar boko, kuma ban taɓa ce wa kowa ni malami ne ba. Amma takai na iya shi. Duk garinmu Urno in ka tambaya wa ya rage cikin yaran Baba Mu'awiya, mai koyar da takai, za a ce maka Rabe da Alƙasim. Ni ne Raben. Sauran wasu ƙasa ta rufe su, wasu ci-ranin Abija ya cinye su.

Takai rawar maza ce ta sanda. A yi zobe, kowa da guntuwar sandarsa. Taki uku, ka buga da na gabanka, ka juya hagu, ka tare ta na bayanka. In kowa ya yi daidai, sanda ashirin ƙara guda suke badawa, kas! In mutum guda ya yi lattin juyawa, to kansa ko hannun maƙwabcinsa ne zai ji a jikinsa.

Zamanin samariya, mu biyun nan ba a raba mu. Ni a bayansa nake tsayawa kullum. Akwai shekarar da anka loda mu cikin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Madawa wasan gasa, Baba Mu'awiya ya naɗe mana ido da rawani, ni da shi, munka yi zagaye bakwai sandarmu ba ta saɓa ba ko sau ɗaya. Mata sunka yi ta guɗa har makaɗi ya manta kiɗinsa. Muna da shekara sha biyar. Ranar na ci shinkafa da nama har na kasa hawa kamiyo.

Bara, bayan an gama yankan gero, mutanen meri, ofishin magajin gari, sunka kira ni. Wai suna son a tada takai don bikin ƙarshen kaka, in koya wa mutane. Na ce samari sun tahi ci-rani, wa zan koya wa? Sunka ce manya. Haka na samu magidanta sha huɗu a filin lakwal bayan la'asar: tela, mahauci, masu tumbi, masu ciwon gwiwa, da Mushe Faruƙ mai koyar da yara lissafi, wanda ya zo da littafi wai zai rubuta takin. Na ce masa ya aje, ƙafa ba ta karatu. Ahmadu makaɗi ya ɗaure gangarsa. Ni ina tsakiyar zobe, inda Baba yake tsayawa da.

Rana ta uku sai ga Alƙasim. Shekararsa ashirin da wani abu a Libiya yana walda, bai daɗe da komowa gida ba. Ya zo da tsohuwar sandarsa ta ƙirya, wadda hannu ya goge ta har tana sheƙi. Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina yau waɗanga za su ga yadda ake yi.

Abin da sunka gani daban ne.

Da an fara taki sai ya buɗe baki. "Kai mahauci, rawa aka ce, ba kai sa mayanka ba!" A yi dariya, zobe ya watse. A sake. Ana zuwa wurin juyawa sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya. Ahmadu, wanga kiɗin na biki ne ko na kiran sallar asuba?" A sake. Sai ya ce takalminsa ya kwance, mutumin da ke sanye da silifa. Wata rana ya ce ni ne ban iya ba.

"Rabe, ba haka Baba ya koya muna ba. Dama ake juyawa."

"Hagu ne, kuma ka sani."

"Ka tsufa, Sarkin rawa. Tuwon dawa ya toshe maka kai."

Na haɗiye. Abokina ne, tare anka yi mana kaciya. Amma sati biyu sunka wuce ba mu haɗa zagaye ɗaya cikakke ba, biki kuwa saura kwana ashirin. Mutum uku sunka daina zuwa.

Ranar wata Laraba na ce ba mai tsayawa, ko sama za ta faɗo. Ahmadu ya buga. Taki uku, kas. Anka juya. Alƙasim ya juya yana wurgi da sanda kamar mai korar kaji, ta sauka kan yatsun Mushe Faruƙ da ke bayansa. Mushe ya durƙusa riƙe da hannu.

"Haba Malam Alƙasim! Da wanga hannun nake riƙe alli."

"To gobe yara sun huta," in ji Alƙasim. Amma ba wanda ya yi dariya.

Mahauci ya matso kusa da ni, ya ce a fili kowa na ji: "Rabe, ko shi ko mu."

Baba Mu'awiya ba ya zagi, ba ya duka. Wanda ya ɓata zobe har ya kai shi bango, sai ya karɓe sandarsa ya kwantar da ita tsakiyar fili, a ci gaba da rawa ana kewaya ta, mai ita yana waje yana kallo. Sau biyu na ga an yi haka ina yaro, kuma duka biyun ba su sake komowa ba. Na san wannan sarai. Duk da haka na tahi na miƙa hannu.

"Kawo."

Ya dube ni. "Ni, Rabe?"

"Kai."

Ya ba ni. Na kwantar da ita a ƙasa. Na ce wa Ahmadu ya buga. Ranar munka yi zagaye huɗu ba kuskure, karo na farko. Da na waiga, Alƙasim ba ya wurin. Ya kamata in ji daɗi. Na koma gida na kasa cin tuwo, maiɗakina tana tambaya ko zazzaɓi ne.

Kwana uku sandar tana jingine a ɗakina. Ƙaƙa zan riƙe sandar mutum? Ranar Asabar da hantsi na ɗauke ta na nufi gidansa, in mayar masa, in kuma gaya masa magana ɗaya: ka ba ni kunya. Na tarar da shi zaune bisa tabarma a zaure yana gyaran igiya. Munka gaisa a daƙile. Na zauna ta hagunsa, na miƙa masa sandar.

Bai karɓa ba. Na zaci fushi ne. Na ƙara matsar da ita har ta kusa taɓa kuncinsa. Yana ta murza igiyarsa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Sai na gane ba ya ganin ta. Na tuna takalmin da ya kwance, da kiɗin asuba, da gardamar dama. Duk a wuri ɗaya yake yin su, wurin juyawa hagu.

"Alƙasim, tun yaushe?"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, sannan ya ga sandar. Ya aje igiyar.

"Shekara huɗu," ya ce. "Tartsatsin walda. Likitan can ya ce idon hagu ya tahi ke nan."

"Shi ne ba ka faɗa ba, sai ka fasa wa Mushe yatsu?"

"In faɗa wa wa? In tsaya gaban mahauci in ce ni, wanda ya yi Madawa ido rufe, ba ni ganin sanda? Na zaci ƙafata za ta tuna. Ƙafa ta tuna, Rabe. Amma hannun Mushe ban san shi ba. Yau ya zo sama, gobe ya zo ƙasa."

Na ce, "Kai wawa ne."

Ya ce, "Kai ma."

Da la'asar na shiga fili da shi. Mahauci ya ɓata rai. Alƙasim ya tahi wurin Mushe ya ba shi hannu, ya roƙe shi ya yafe masa, Mushe ya miƙa na hagu don na dama yana naɗe. Ban yi wa kowa bayani ba, idon ba nawa ba ne. Na ce wa Mushe ya matsa gaba, na ɗauki sandata, na fita daga tsakiya na shiga zobe bayan Alƙasim.

"To wa zai tsaya tsakiya?" in ji tela.

"Ba kowa. Kuna da kunnuwa." Na dubi ƙeyar Alƙasim, furfura ta cinye ta. "Kai kuma, ka buɗe baki sau ɗaya, a kanka zan sauke ta."

Ahmadu ya buga. Taki uku, kas. Ya juyo hagu, bai neme ni da ido ba, ya ɗaga sandar daidai inda ya saba ɗaga ta shekara talatin da biyar da sunka wuce, ɗan sama da kafaɗa. Tawa tana can tana jiranta.

Kas.

Munka yi zagaye bakwai. A na bakwai gwiwata ta fara ƙara, numfashinsa kamar zugazugin maƙeri, amma ba wanda ya yarda ya riga tsayawa. Ahmadu ne ya ji tausayinmu ya yanke kiɗi.

Alƙasim ya dafa sandarsa yana haki. Na ga bakinsa yana motsi, na ɗaga tawa.

"An gama rawa ai," ya ce. "Mahauci, har yanzu kamar sa kake tafiya."

Wannan karon mahauci ne ya fara dariya.